Tambaya da amsa: ruwan dattin masana'antar gawayin ƙasa, alam da jabel sun isa su gyara shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a nan Tawa, na ɗan karanta kimiyyar sinadarai, babana kuma yana da garkar albasa a fadama. Ranar nan a fadarmu wajen shayi wani ya ce in aikin gawayin Salkadamna ya tashi har gazuwal za a riƙa yi kamar Afirka ta Kudu, kuma wai ruwan da za a zubar alheri ne gare mu, a tara shi a tabki ya kwanta, a sa mishi alam da jabel, a ba albasa da bisashe. Kowa ya yarda, ni dai hankalina bai kwanta ba don rijiyar garkarmu ko gaba uku ba ta kai ba. Yaya ake gyara irin wannan ruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya.

Bari mu fara cire ƙura. Abin da aka sanar game da Salkadamna wutar lantarki ce da gawayin girki, irin layin da SONICHAR, kamfanin gawayin ƙasa na Nijar, take kai a Cirozerin ta jihar Agadas tun farkon shekarun 1980. Babu masana'antar da ke mai da gawayin ƙasa gazuwal a Nijar. Masu yin haka su ne kamfanin Sasol a Secunda ta Afirka ta Kudu, da ƴan Sin a Ordos da Ningxia, sai wata a Dakota ta Arewa a Amurka da ke yin gas tun 1984. Amma tambayarka ba ta faɗi ba, don duk inda aka gasa gawayi ba tare da isasshiyar iska ba, ko da na girki ne, kwalta da ruwa mai fenol, wani sinadari mai guba, suna fitowa.

Ruwan kala-kala ne. Wanda ya fi muni shi ne na wankin gas daga tukunyar Lurgi mai mai da gawayi gas, irin wadda Sasol ke aiki da ita, saboda zafinta bai kai ya ƙone kwalta ba, sai ka samu fenol dubban miligram a lita, amoniya ita ma dubbai, ga sayanid ga salfaid ga mai yana yawo a sama. Tukwane masu zafin da ya haura digiri 1,300 suna cinye kwalta da fenol, amma amoniya da sayanid da gishiri suna nan. Sannan akwai ruwan da Fischer-Tropsch, hanyar mai da gas ɗin ya zama mai, ita kanta ke haifarwa, kowane tan na mai yana zuwa da fiye da tan ɗaya na ruwa, garau kamar na pampo, amma pH ɗinshi, wato ma'aunin tsami, wajen 3 ne, tsami ke nan sosai, kuma cike yake da alkol da asid.

Gyaran bi da bi ne, ba a tsallake. A bar kwalta ta nutse mai ya taso a kwashe. A hura tururi a fitar da amoniya da iskar salfaid, amoniyar ma taki ake yi da ita a sayar. A ja fenol da sinadarin narkarwa, wanda aka fi sani shi ne tsarin Phenosolvan. Sai bayan nan ake ba ƙwayoyin bakteriya, don in ka ba su ɗanyen ruwan mutuwa suke, kuma masu cin amoniya su ne ragwaye, sai a yi makonni ba su farfaɗo ba. Abin da ya gagare su a bi shi da iskar ozon ko gawayin tacewa, a tura ruwan ta matatar osmos mai raba shi da gishiri, a dafe sauran har ya zama gishiri. Gishirin nan ma shara ce mai guba, ba na lasar awaki ba.

To yanzu maganar alam da jabel, wadda wallahi na gaji da ji. Kusan duk taron da na je sai wani ya miƙe da ita, wani lokaci ma mai digiri. Tushenta ɗaya, mun saba da ruwan kori, ja wur da laka, a jefa alam ko garin ƴaƴan zogale ya kwanta ya yi fari, a ɗiga jabel a sha lafiya. Gaskiya ne, yana aiki, don dattin ruwan kori laka ce da ƙwayoyin cuta. Alam abin da ke yawo yake kamawa. Fenol kuwa narkewa yake kamar sukari a shayi, lita ɗaya tana ɗaukar kusan gram 80, ka taɓa ganin an tace sukari daga shayi da alam? Wata rana a wani horo a nan Yamai na jera kwalba biyu kan tebur, ɗaya ruwan gulbi mai laka, ɗaya ruwa garau da na narka fenol a ciki na toshe bakinta, na ce wace za ku ba ɗiyanku? Duk suka nuna garau ɗin. Na ɗiga mata ruwan ferik kilorid, nan take ta koma shuɗi-shuɗi kamar bawon albasar Galmi, ɗakin ya yi tsit, wani dattijo ya ce "a'uzu billahi" ya ja kujerarshi baya.

Kuma da a ce ba su aiki kawai da sauƙi, ƙara ɓata lamarin suke. Alam yana saukar da pH, in pH ya sauka sayanid da salfaid sai su tashi su zama iska, wanda ya duƙa bakin ramin yana motsawa da sanda shi zai fara shaƙa. Jabel ya haɗu da amoniya ya ba da kiloramin mai ƙona ido da ƙirji. Ya haɗu da fenol ya ba da kilorofenol, wanda ƙasa da mikrogram 1 a lita ya isa ya sa ruwa ɗanɗanon asibiti, kuma ya fi fenol ɗin wuyar ruɓewa. E, ana kashe sayanid da kilor, sinadarin da ke cikin jabel, a masana'antu, amma sai an ɗaga pH sama da 10 ana aunawa, ba a zuba bidon a tabki a ce bismillah ba. Masu cewa a tafasa kuma, fenol sai digiri 182 yake tafasa, ruwanka zai ƙare gishiri da ƙarafa su ƙara kauri, amoniya ta cika ɗaki.

Akwai ƙanwar wannan magana, wai "ranar Adar za ta cinye dafin". Rana ruwa take sha ta bar maka dafin a ƙasan tabki, in babu shimfiɗar roba mai kauri da yumɓu a ƙarƙashi ya zurara, kuma rijiya mai gaba uku a fadama ita ce ta farko. In ya bushe iskar hunturu ta kwashe ƙurar, damina kuma kori ya cika ya tumbatsa ya kai sauran garake. Sinadaran kwalta irin benzopiren suna cikin waɗanda aka tabbatar suna kawo kansa, hukumar lafiya ta duniya mikrogram 0.7 kacal na benzopiren ta yarda a litar ruwan sha.

Sai masu tallar baƙin ruwa a kwalba a kasuwa wai "girezil ne na asali", maganin gara da ƙazuwar raƙumi. Don yana warin girezil ba shi ke nufin an auna shi ba. Fenol ta fata yake shiga jini, kuma yana kashe jin zafi, fatar ta yi fari kana ganin ba komai alhali tana ƙonewa.

Abin da ke ba ni haushi da namu ɓangaren, a rubuta rahoton muhalli shafi ɗari uku da Faransanci, a kira taron jin ra'ayi a raba lemu, manomin da rijiyarshi ke bakin wurin bai ji kalma ɗaya da Hausa ko Tamajak ba. Kai da ka yi karatu, duk ranar da aka kira irin taron nan, na kowace masana'anta, ka je ka tambaya ruwa nawa za a ja kuma daga wane zurfi, don masu yin mai da gawayi galibi suna shan fiye da tan 5 na ruwa a kowane tan na mai, ka tambaya ina gishirin ƙarshe zai je, da rijiyoyin sa ido nawa za a haƙa kewaye da tabkin, wa zai auna su kuma a ina za a liƙa sakamakon.

Kuma tun yanzu ka ɗebi ruwan rijiyar babanka a kwalbar gilas mai tsabta, ba ta roba ba, ka cika ta har baki, ka sa a kankara ka kai labo a ranar, a auna pH da gishiri da amoniya da fenol, sau ɗaya da rani sau ɗaya bayan damina. Ka sa a buga hatimi da kwanan wata a takardar, ka yi mata hoto a waya, asalin kuma ka ba baba ya adana tare da takardun gona.