Wace allurar kashe zafi ta fi bayan ba da hanta?

Ɗan'uwa, ka ce za ka ba ƙanenka ɓangaren hantarka, kana tsoron zafin bayan tiyata. Allah Ya saka da alheri.

Epidural, siririn bututun da ake zurawa a gadon baya ana zuba magani ta cikinsa, tana kashe zafi sosai. Sai dai bayan an yanke hanta, jini kan yi jinkirin daskarewa na 'yan kwanaki, don haka ba a cire bututun sai gwajin jini ya daidaita. Shi ya sa wasu likitoci suka fi son allurar mofin (maganin kashe zafi mai ƙarfi) sau ɗaya cikin ruwan laka. Tana aiki kusan awa 24, amma takan sa ƙaiƙayi da tashin zuciya. Akwai kuma allurar bangon ciki. Ni na fi karkata ga ta mofin ɗin, amma ka tattauna da likitan sa barci tukuna.