Tsohuwar Taraktar Lambu: Amsa ga Yarona Kafin Ya Ɗauki Sifana

Yarona, ka tambaye ni game da 'yar taraktar nan mai launin rawaya da fari da aka kawo mana gareji, wadda mai ita ya saya cikin tsofaffin kayan da aka yo lodinsu daga Amurka, yake kuma son a farfaɗo masa da ita domin sha'awa da ɗan aikin lambu. Ka ce ba ka ga dalilin da zai sa mu ɓata makonni a kan injin da ya girmi mahaifinka ba, alhali za mu iya sauke shi, mu ɗora sabo irin na ban ruwa, mu fesa fenti, mu sallami mutum cikin kwana bakwai. Na ga ya dace in rubuta maka amsar a tsanake, domin idan na faɗa maka da baki a cikin hayaniyar gareji rabinta ne kawai zai zauna maka.

Ka fara sanin abin da ke gabanka. Wannan Cub Cadet ce samfurin 100, wadda kamfanin International Harvester ya ƙera a garin Louisville na jihar Kentucky tsakanin 1963 da 1965. Kamfanin ya fara fito da irin waɗannan ƙananan taraktoci kasuwa a 1961, kuma bai yi musu ƙirar wasa ba, domin giyabos da akwatin bayan da ya sa musu ya samo su ne daga Farmall Cub, wadda taraktar gona ce sosai. Shi ya sa da ka yi ƙoƙarin ɗaga bayanta jiya ka ji kamar an kafe ta a ƙasa. A wancan zamanin kamfanoni da yawa sun shiga wannan kasuwa: iyalan Pond sun fara Wheel Horse a South Bend tun 1946, John Deere kuma ya fito da samfurinsa na 110 a 1963. Masu tara irin waɗannan injuna a Amurka suna bambanta taraktar yankan ciyawa, wadda aka yi da siririn ƙarfe, da taraktar lambu, wadda aka yi domin ta ja garma ta kece ƙasa, kuma tamu tana cikin kashi na biyu. Suna haɗuwa kowace shekara a taruka irin wanda ake yi a Portland ta jihar Indiana a watan Agusta, kowa ya zo da abin da ya gyara, kuma abin da ake fara leƙawa shi ne ko injin na asali ne. Mai wannan tarakta yana da kuɗin sayen sabon injin huɗa da ya so. Tsohuwar yake so, da tsohon sautinta, kuma aikinmu ke nan mu mayar masa da ita yadda take.

Ko da za a ajiye maganar sha'awa gefe, canjin injin ba shi da sauƙin da kake zato. Injin da ke ciki Kohler ne samfurin K241, mai silinda ɗaya da ƙarfin doki 10, kuma an kwantar da shi ne filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke juyawa a ƙarshen inji, yana kallon baya, ta nan kuloci yake karɓar juyi ya miƙa wa doguwar sanda da ke tafiya kai tsaye zuwa giyabos. Injunan ban ruwa da na janareta da ka saba da su ta ɗaya ɓangaren suke ba da ƙarfi, tsayin karanshaf ɗinsu, wato babbar sandar da inji ke juyawa, daga ƙasa ya bambanta, ramukan zamansu ma ba su dace da wannan siririn firam ba. Kafin ka zaunar da ɗaya sai ka yanka, ka yi walda, ka huda, kuma ƙarfen da aka yanka ba ya komawa yadda yake. Shi kuwa K241 jikinsa ƙarfen zubi ne mai kauri, karanshaf ɗinsa a kan boris yake juyawa, kuma an yi shi ne da niyyar a riƙa gyara shi: idan silinda ta ci, ana faɗaɗa ta a sa fistin mai ƙarin 0.010 ko 0.020 ko 0.030 na inci, ta koma aiki kamar sabuwa. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai an san yadda ake ɗibarta.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, wato kada ka kuskura ka haɗa batir ka murɗa makulli don kawai ka ji ko za ta tashi. Wannan inji ba shi da famfon baƙin mai, ba shi kuma da matatarsa. Akwai wani ɗan cokali a gindin kwanrod, wato sandar da ta haɗa fistin da karanshaf, kuma cokalin ne yake tsoma kansa cikin mai a kowane juyi ya watsa shi sama, kuma wannan watsin shi kaɗai ne yake jiƙa komai a ciki. Kwanrod ɗin na alminiyam ne, kai tsaye yake rungume da karanshaf ba tare da wani abu a tsakaninsu ba. Injin da ya shekara goma ko ashirin a ajiye, man da ke cikinsa ya riga ya rabu, dauɗar ta kwanta a ƙasa kamar kunun da ya kwana, wataƙila ma ruwa ya taru a ƙarƙashinta. Ina yaro kamarka na taɓa tayar da wani tsohon inji irin wannan ba tare da na duba cikinsa ba, ya tashi da murya mai daɗi har na fara yi wa abokan aikina dariya, kafin minti uku ya buga, kwanrod ya tsinke ya fasa bulok ya leƙo waje. Maigidana bai ce mini uffan ba, sai ya sa ni na share guntayen ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye su a gwangwani a kan tagar shago har na gama koyon aiki.

Don haka ka fara da cire fulogi, ka zuba cokali biyu na baƙin mai ta ramin, ka bar shi ya kwana. Washegari ka kama filawil da hannu ka juya shi a hankali. Idan ya ƙi, kada ka sa masa dogon ƙarfe ka danna, sai dai ka ƙara masa mai da ɗan kananzir ka ba shi kwanaki, kana ɗan motsa shi gaba da baya kullum. Idan ya juya, ka toshe ramin fulogi da babban yatsanka ka ji ko iska tana turo shi. Rashin turowar sau da yawa bawul ne ya maƙale a buɗe saboda tsatsa, musamman na fitar hayaƙi, kuma wannan ƙaramin aiki ne: a cire kan silinda, a jiƙa sandar bawul ɗin, a riƙa bubbuga shi a hankali da katako har ya saki. Ka lura kuma cewa injunan Kohler da aka ƙera bayan wannan suna da wata dabara a jikin kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, wadda take ɗan ɗaga bawul lokacin tayarwa don rage nauyi, saboda haka idan an taɓa canza wa wannan tarakta inji, ma'aunin matsi zai iya nuna maka ƙasa alhali lafiyarsa lau. Bayan nan ka tsiyaye tsohon mai, ka sauke kwanon ƙasa ka wanke shi da kananzir, ka duba da idonka cewa ɗan cokalin nan yana nan bai karye ba.

Kafin in wuce, ga wani abu da zai iya ɓata maka aikin tun ranar farko. Duk notin da ke jikin wannan tarakta da ma'aunin inci aka yi shi. Notin rabin inci milimita 12.7 ne, sifana mai lamba 13 za ta shiga amma da ɗan wasa, kuma a kan notin da ya yi shekara sittin yana tsatsa wannan ɗan wasan ya isa ya mulmule kansa. Na 9/16 kuwa ya ɗan ɗara milimita 14, lamba 14 ba za ta shiga ba, 15 kuma ta yi masa yawa. Ka ɗauki sifanonin inci da ke cikin akwatina na ƙasa, ka mayar da su inda ka same su. Kowane noti da ka kwance ka sa shi a gwangwaninsa dabam, ka kuma ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire kowace waya ko sifirin, domin ba za ka samu wata irinta a unguwa da za ka je ka leƙa ba.

Ka cire murfin da ya rufe filawil. Wannan inji ba shi da lagireto, iskar da filawil ke hurawa ta tsakanin haƙarƙarin silinda ita ce take sanyaya shi, kuma a tsofaffin injuna irin wannan kusan kullum sai ka tarar da sheƙar ɓera ko gidan zanzaro sun toshe wurin. Injin da aka bari haka zai tashi, zai yi aiki, amma yana dahuwa a ciki ba ka sani ba.

Wajen wuta nake so ka daɗe, domin kun taso ne a zamanin da kwayil yake mutuwa a jefar a sayo wani, ba ku san kwantak ba. A gefen bulok akwai ɗan murfi, a ƙarƙashinsa akwai bakuna biyu na ƙarfe da wata 'yar sanda daga kamshaf take buɗewa tana rufewa. A daidai lokacin da suka rabu ne kwayil yake sakin wuta zuwa fulogi. Ka goge bakunan da lallausar samfefa, ka ja farar takarda a tsakaninsu har ta fito ba datti, sannan ka juya inji har su kai iyakar buɗewarsu ka saita tazarar a kan 0.020 na inci, wato kusan rabin milimita. Wannan tazara ita ce kuma take tsayar da lokacin da wuta ke tashi: idan ta yi faɗi wuta za ta zo da wuri inji ya riƙa tokari yana zafi, idan ta yi kaɗan wuta za ta makara ya rasa ƙarfi. Wayar da ta fito daga makulli tana zuwa ƙafar kwayil mai alamar tarawa, ta kwantak da kondansa kuma suna haɗuwa a ƙafa mai alamar ɗebewa. Kada ka bar makulli a kunne inji yana tsaye, domin idan ya dace bakunan a rufe suke, kwayil zai yi ta zafi har ya ƙone. Tun da kana wurin, ka duba tazarar bawul inji yana da sanyi: na shigar mai tsakanin 0.008 da 0.010, na fitar hayaƙi tsakanin 0.017 da 0.019 na inci. Ita kuma babbar na'urar da ke gefe mai bel, aiki biyu take yi, ita ce sitata ita ce kuma mai cajin batir, saboda haka kada ka tsaya neman wata alatineta.

Maganar fetur gajeriya ce. Tanki yana sama, mai yana gangarowa da kansa ta cikin ɗan kofin gilashi da ke tare datti, sannan ya shiga kafireta. Ka wanke tanki, ka canza tiyo, ka kwance kafireta ka jiƙa ta, ka hura ramukanta da iska ba tare da ka zura musu waya ba. Ka kama sandar totur ka girgiza ta, in tana wasa a raminta to iska za ta riƙa satar shiga, kuma ba za ka taɓa samun silo, wato tafiyar inji a hankali ba a ba shi totur ba, mai kyau ba sai an sa mata bushi.

Ranar da za ka tayar da ita, ka zuba sabon mai lamba SAE 30 har alamar sandar awo, ka tabbatar giya tana furi, ka kuma tabbatar gwamna, wato na'urar da ke kayyade gudun inji, a haɗe yake da kafireta. Iyakar gudun wannan inji juyi 3,600 ne a minti, kuma gwamna ne yake tsare shi a nan. Wanda ya ɗaure totur da waya don ya ji ƙara, kwanrod ne zai biya. Ka bar ta ta yi zafi a hankali, ka kashe, in ta huce ka sake ɗaure notocin kan silinda, ka kuma zubar da wannan man na farko da wuri domin shi ne zai kwaso sauran dauɗa. Daga nan canjin mai duk bayan awa 25 na aiki ne, kuma a lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa matatar iska tana bukatar dubawa kusan kullum. Sai ka koma baya ka tsiyaye akwatin giya, wanda kamfanin ya ce a zuba masa man Hy-Tran, ka duba ko ruwa ya shiga, ka saki farantan kuloci idan tsatsa ta manne su. Tayoyin baya rim ɗinsu inci 12 ne, na gaba inci 8, kuma idan siraran ne, tayar A Daidaita Sahu mai lamba 4.00-8 za ta zauna a kansu har a samu ta asali.

Sai ta yi aƙalla makonni tana aiki a lambun mai ita, mun ga inda take yoyo da inda take ƙara, sannan za a yi maganar fenti, domin duk sifanar da ta taɓa sabon fenti sai ta bar tabo. Ni a ra'ayina ma, tun da rubutun kamfanin yana nan a jikin murfinta, wanki da ɗan shafa mai sun fi mata kyau, amma wannan hukuncin mai ita ne. In ya dage sai an fesa, a goge tsohon fentin da samfefar ruwa, a kuma rufe hanci, domin fentin wancan zamani yana iya ƙunsar darma.

Idan ya zo karɓa, ka gaya masa cewa wannan tarakta ba ta da na'urorin kariya irin na injunan yanzu da ke kashe inji in mutum ya tashi daga kujera. Garma ɗaya mai faɗin inci 10 ita ce daidai ƙarfinta a ƙasa mai danshi, da giya ta ɗaya ko ta biyu, kuma duk abin da zai ja ya ɗaura shi a maƙalar da ke ƙasa da gatarin tayoyin baya, domin in ya ɗaura a sama gabanta zai iya tashi ta kife a kansa. Kada ya ɗora yara a kanta. Kai kuma gobe da safe ka cire fulogin ka zuba man, ka rubuto mini lambobin da ke kan farantin injin da na jikin akwatin baya, domin da su za mu nemi fakin da kwantak da suka dace.