Tayil mai kama da dutse: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina Aboabo nan Kumasi, ni da yayana muna gyaran gidanmu na gado, ɗaki biyu da falo da bayi. Na ga wani tayil toka-toka a shago sai ka rantse dutse ne, mai shago ya ce fosilin ne kuma kuɗinsa ya fi na kullum sosai, shi kuma mai sa mana tayil cewa yake duk ɗaya ne, siminti da yashi zai kwaɓa ya liƙa. Tsohuwarmu tana gidan, ƙafa ta yi nauyi, ina tsoron santsi. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ba ɗaya ba ne sam. Fosilin laka ce da ake matsewa da ƙarfi a gasa ta a wuta wajen digiri 1200, shi ya sa ruwan da yake sha ba ya wuce kashi 0.5 cikin 100, zanen dutsen kuma inji ne ke buga shi a fuskar. Dutsen mabul na gaske in manja ya zuba sai ya shige shi, lemun tsami ma cin sa yake, wannan kuwa tsumma da ruwa kawai. In kina so ki gane ko fosilin ne, juya bayansa ki ɗiga ruwa, in ya tsotse nan take to ba shi ba ne.

Amma maganar mai sa tayil ɗin nan ita ta fi damuna wallahi. Tunda fosilin ba ya shan ruwa, kwaɓin siminti da yashi ba ya kama bayansa da kyau, yau lafiya gobe lafiya, bayan wani lokaci ki ƙwanƙwasa ki ji yana amsawa kamar ganga, daga nan sai tsagewa ko ɗagowa, na bango kuma faɗowa yake, ga yara a gida. Ki ce masa simintin tayil na buhu za a sa, a shimfiɗa shi da cokali mai haƙora ya cika bayan tayil ɗin duka, ba a ɗiga dunƙule huɗu a manna ba. In ya ƙi ji, nemi wani kafin a buɗe kwali ko ɗaya.

Batun santsi, mai sheƙi a bar shi a bango. Ƙasan bayi inda Mama za ta riƙa alwala, duba kwali ki nemi R10 ko R11, wato lambar da ke nuna yadda tayil ke hana santsi, ki jiƙa hannu ki shafa tun a shago. Na falo kar ya cika kaushi, jar ƙasar Kumasi da ƙurar hunturu maƙalewa suke a ramukan, ki yi ta gurza. Ni dai toka-toka ko ruwan ƙasa nake so, baƙi kowace ƙura sai ta nuna.

Ba dole sai na Italiya ko Sifen ba, ana yin tayil a nan Gana, irin Twyford a Shama kusa da Takoradi, ki dai karanta kwalin. Mai santimita 60 da 60 yawanci guda 4 ne a kwali, murabba'in mita 1.44. Ki ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, kuma lambar launi ta zama ɗaya a duk kwalayen, don in kika koma ciko daga baya da wuya launin ya zo daidai.