Amsar Kawu kan zanen nan mai ƙofofi

Ɗiyata na ga saƙonki tun jiya, hoton ma ya buɗe da ƙyar. Kin ce kin je gidan tarihi na Unterlinden a Kolmar can Faransa kin ga zanen gicciye, jikin duk gyambo har ya yi kore-kore, kina tambaya wai wace irin al'ada ce mutane su zana wanda suke girmamawa a wannan kama. Toh mu dai kin sani ba ma zana Annabawa, kuma a wurinmu ba a gicciye Annabi Isa ba, amma sai kin san don wa aka yi abin kafin ki yanke hukunci.

Matiyas Gurunewal ne ya zana shi tsakanin 1512 da 1516, don asibitin 'yan zuhudun Kirista mabiya waliyyi Antoni a ƙauyen Isenhaim. Majinyatansu cutar da ake kira wutar Antoni ke cinsu, daga wani abu take zuwa kamar burtuntunar dawa ɗin nan tamu, yana kama hatsin da suke burodi da shi, mutum ya ci ya ji jikinsa na ƙuna, yatsu su yi baƙi su ruɓe wani har a yanke masa ƙafa. To mai irin wannan ciwo in ya ɗaga kai ya ga fata irin tasa a jikin wanda yake bauta wa, ai ya san ba shi kaɗai ba ne. Ki duba Maryamu cikin farin mayafi ta sulale ana tallafe da ita, duk uwar da ta taɓa binne ɗa ta san wannan faɗuwar, ni na ga irinta a tsakar gidanmu ranar rasuwar Yayanki.

Abin da ya ɓace miki shi ne zanen ƙofofi gare shi kamar kabad. Ranakun yau da kullum a rufe yake, gicciyen ake gani a tsakiya. Sai ranar babban idinsu a buɗe, ga haihuwa ga tashi daga kabari, jikin nan ya koma fes, haske ruwan ɗorawa ya kewaye shi, amma tabon ƙusa na nan a tafin hannu bai goge ba. Majinyaci sai ya yi makonni yana jira kafin ya ga wannan.

Yanzu an rarraba allunan kowa na zagayawa da waya cikin minti goma. In kin koma ki fara zama gaban na farkon tukuna, ki daɗe, sannan ki zagaya baya. Ki gaida mai gidan naki.