Ta haddace ABCD, amma ta kasa karanta "baba"

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 4, tana ajin nazire a wata makarantar kuɗi. Ta haddace ABCD tana rera shi kamar waƙa, amma idan na rubuta mata "baba" sai ta tsaya tana kallona. Malamarsu ta ce in ƙara mata aikin rubutu a gida. Shin hakan ne mafita?
Daga wata uwa a Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin rashin iya karatu a shekara 4 ba matsala ba ce. Abin da ta haddace sunayen haruffan Turanci ne, ba sautinsu ba, kuma ko sau nawa ta maimaita "bi" da "ei" ba za su haɗu su ba ta "ba" ba. Karatu daga kunne yake farawa: sai yaro ya ji cewa kalma tana rabuwa gaɓa-gaɓa kafin harafin da ke kan takarda ya yi masa amfani. Ko a makarantar allo, ai da baki ake fara biya wa yaro gajerun surori, daga baya ya shiga babbaƙu, sannan farfaru.

Hausa ta sauƙaƙa miki aikin, tunda wasulanta 5 ne, kuma yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali. Idan kina girki, ki ɗaga albasa ki ce ta tafa miki sunanta: al-ba-sa, tafi uku. Gobe ki ce ta nemo miki abin da ke farawa da "ma" a ɗakin girkin. Idan ta kawo manja ko madara ta yi daidai, idan ta kawo gishiri ku yi dariya ku sake. Idan wannan ya zauna, ki gwada ta da kalmomin da sauti ɗaya ya raba, kamar kaya da ƙaya, ko doki da ɗoki, waɗanda mu manya muka saba haɗe su a rubutun waya saboda ƙyuyar neman ƙugiya. Gagara-gwari irin na ƙato da kwaɗo da muka yi a dandali shi ma horon kunne ne, ko da yake a lokacin wasa kawai muka ɗauke shi.

Game da ƙarin aikin rubutu kuwa, ban goyi baya ba, domin yatsunta ba su gama ƙwari ba, kuma cika shafi da harafi ɗaya yana sa yaro ya tsani fensir. Minti 10 na irin wannan wasa a kullum ya wadatar, sai ki bar ta ta zana harafin da yatsa a kan yashi tana furta sautinsa.

Amma idan kin lura sai an ɗaga murya take amsawa, ko kunnenta yana yawan fitar da ruwa, kada ki jira. Ki kai ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke kusa da ku a titin Zariya, a auna jinta.