Kafin ka rubuta mata maganin sanyi

Ka tambaye ni, Dakta: idan matashiya ta zo da ciwon mara, ta ce da bakinta sanyi ne, ga layi har bakin ƙofa, me zai hana a rubuta mata magani ta tafi?

Ɗana, abin da zai hana shi ne ciki a wajen mahaifa. Duk macen da ta fara al'ada, ta zo maka da ciwon mara, a yi mata gwajin ciki na fitsari tun kafin ka ɗauki biro, da aure ko babu. Wannan ba zargi ba ne, kuma haka za ka faɗa mata. Cikin wajen mahaifa yakan tsaya ne a bututun ƙwai, ya fashe yawanci tsakanin mako 6 zuwa 10, jini ya riƙa zuba ta ciki inda ido ba ya gani. Kada "ai na ga al'adata" ya kwantar maka da hankali. Tambaye ta yaushe, kwana nawa, kuma irin wadda ta saba ce ko ɗan ɗigo ne baƙi-baƙi.

Matashiya tana iya zubar da jini mai yawa awon ƙarfin bugun jininta, wato BP, bai faɗi ba, don haka kama hannunta ka ji bugun. Ja fatar idonta ƙasa ka duba, buɗe tafin hannunta, ka ga ko sun yi fari don ƙarancin jini. Idan an tayar da ita zaune jiri ya ɗebe ta, ko ta ce kafaɗa na yi mata ciwo, ga gwaji ya nuna ciki, to ba sikanin kake jira ba. Sa mata manyan allurai biyu na ƙarin ruwa, aika jini a duba rukuninsa, sa 'yan'uwa su shirya bayarwa, ka taso ni ko ƙarfe nawa ne. In kana ƙaramin asibiti a Kamba ko Jega inda ba za a iya tiyata ba, ka turo ta Birnin Kebbi a daren, ruwa na tafiya.

Sai zancen tambaya. Muddin uwar miji ko gwaggo na tsaye a kanta, su za su amsa, ita kuwa sai sunkuyar da kai. Roƙe su cikin ladabi: "Hajiya, a ɗan ba mu wuri." Ka bar nas mace a ɗakin, ka sassauta murya. A nan ne za ka ji abin da ta sha daga kemis, ko kayan matan da ta cusa.

Idan babu ciki, aiki bai ƙare ba. Ciwon da ya taso farat ɗaya a gefe guda tare da amai, ka tuna murɗewar ƙwan mace. Awoyi kaɗan ne tsakanin a ceto shi da a cire shi. Wanda ya faro daga cibiya ya gangara dama, afendis. Zazzaɓin mako biyu da ciki ya ƙage kamar katako, taifot ta huda hanji. Tambayi sikila, duba fitsari. 'Yar Yauri ko Argungu da ta tashi tana wanki a gulbi, tana aikin shinkafa a fadama, ka sa tsargiya a lissafi, domin ƙwayayenta na taɓa mahaifa da bakinta, ba mafitsara kaɗai ba.

Bayan wannan ne za ka ce sanyi, in ga zazzaɓi, ga ruwa mai wari, ga zafi idan an motsa bakin mahaifa. Maganin na kwana 14 ne cur, doxycycline da metronidazole bayan allurar ceftriaxone. Ka ce ta dawo cikin kwana 3 ka ga ko ta samu sauƙi, kuma ka aika a kira mijin, shi da abokan zamanta in akwai. In ba a yi musu magani ba, za ta sake kamuwa, kuma duk kamuwa tana ƙara toshe bututun da take sa ran haihuwa da shi.