Amsa: Me ya sa ragona ya kumbura bayan na ƙara masa hatsi?

Malam, ka ce ka sayo rago jinsin Balami a Zangon Tudun Wada, ka dinga ɗura masa masara, sai ciki ya kumbura, zawo ya biyo baya. Sannu, abin akwai tausayi.

Ba ragon kaɗai kake ciyarwa ba. A tumbinsa akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa, su ke narkar da ciyawa, kuma daga aikinsu yake samun kusan kashi 70 cikin 100 na kuzarinsa. Da harawa suka saba. Idan hatsi ya shigo da yawa lokaci guda, masu haifar da tsami sai su yi rinjaye, masu narkar da ciyawa su mutu, tumbi ya tsaya. Wannan kan kashe dabba.

Janye masarar yau, ka ba shi harawa da ruwa, ka kira likitan dabbobi. In ya warware, ƙara hatsi kaɗan-kaɗan cikin mako 2 zuwa 3.